Ɗalibi Mai Farfaɗiya Tsakanin Doka da Al'ada: Nazari daga Ƙasar Shinkafi

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci tsaron makaranta a ƙasashen Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, abin da ke zuwa zukatan mutane shi ne katanga da maigadi da tsoron 'yan bindiga. Ba a ga laifin kowa ba, domin wanda ya taɓa ganin gobara ko hayaƙin tuwo ya hanga sai gabansa ya faɗi. Sai dai akwai wani ɗalibi wanda haɗarinsa yana cikin katangar, a tsakiyar aji, a gaban malaminsa da 'yan'uwansa. Wannan shi ne ɗalibi mai farfaɗiya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba abubuwa uku: yadda Bahaushe ya ɗauki wannan cuta, da abin da dokokin Nijeriya suka tanadar wa mai ita, da kuma abin da ya kamata makaranta ta yi. Abin da za a nuna shi ne, doka ta ba yaron ikon zama a aji, amma ba ta gaya wa malami abin da zai yi a cikin minti biyar ɗin da yaron yake kwance a ƙasa ba. Cike wannan giɓi aiki ne da ba zai yiwu ba sai da harshen da malamin da iyayen yaron suke tunani da shi, wato Hausa.

2.0 Sunan Cutar da Yadda Bahaushe Ya Ɗauke Ta

Kalmar "farfaɗiya" ta samo asali ne daga aikatau "faɗi". An ninka tushen ya zama "faɗ-faɗ", sai "ɗ" ta farko ta koma "r" saboda ta zo a ƙarshen gaɓa, kamar yadda ake samu a "karkaɗa" daga "kaɗa". Ninkin yana nuna maimaituwar aiki. Ke nan Bahaushe ya raɗa wa cutar suna da abin da idonsa ya gani: faɗuwa a kai a kai. Sunan bai ɗora laifi a kan kowa ba, bai kuma ambaci iska ko maye ba.

Bayanin dalilin cutar ne ya zo da wannan. Da yawa daga cikin mutanenmu sun ɗauka cewa bugun iska ne, ko sammu, ko wani abu da aka gada a dangi wanda bai kamata a haɗa jini da shi ba. Abin da ya fi wannan illa shi ne camfin da ke cewa wanda ya taɓa yawun mai farfaɗiya, ko kumfar bakinsa, ko ya ci abinci a kwanonsa, zai ɗauki cutar. Wannan camfi shi ne ke sa a watse a bar yaro yana bugun ƙasa shi kaɗai, ko da kuwa kusa da wuta ya faɗi. Shi ne kuma ke sa iyayen sauran yara su matsa wa hedimasta ya sallami yaron, uban yaron kuma ya ga gara ya ɓoye ɗansa a gida tun kafin a yi da shi. Idan 'ya mace ce ɓoyon ya fi tsanani, domin ana tsoron kada labari ya fita ta rasa miji.

Ya kamata a lura cewa malaman Musulunci na da ba su jingina kowace faɗuwa ga iskoki ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana farfaɗiya a matsayin cutar ƙwaƙwalwa a littafinsa na likitanci. Ibnul Ƙayyim kuma, duk da ya yarda da akwai faɗuwa ta shafar aljannu, ya ware wani kashi wanda ya ce daga lalurar jiki yake, kuma na likitoci ne. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mace mai farfaɗiya wadda ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ta faɗi, aka kuwa yi mata. Ba a kore ta daga cikin jama'a ba, ba a guje ta ba, kuma abin da ya dame ta, wato sutura, an ɗauke shi da muhimmanci. A nan akwai darasi ga kowace makaranta.

3.0 Abin da Likitanci Ya Tabbatar

Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da wasu 'yan saƙonni masu kama da wutar lantarki. Idan waɗannan saƙonni suka ɓarke gaba ɗaya ba bisa tsari ba, sai mutum ya fita hayyacinsa na ɗan lokaci. Idan haka ta riƙa maimaituwa ba tare da wani dalili na nan take ba, shi ne ake kira farfaɗiya. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko numfashi ko taɓa jiki. Ba hauka ba ce, kuma mafi yawan masu ita hankalinsu da basirarsu daidai suke da na kowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan aka gane cutar aka ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kusan uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Magungunan kuwa ba sababbi ba ne. Fenobabiton, alal misali, tun 1912 ake amfani da shi, kuma yana cikin magunguna masu araha.

Daga cikin abubuwan da ke haddasa cutar akwai doguwar naƙuda wadda ke hana jariri numfashi, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da sanƙarau, da rauni a ka. Duk waɗannan ba baƙi ba ne a arewacin Zamfara. Annobar sanƙarau da ta fara a ƙarshen 2016 ta kai tsakiyar 2017 ta fi tsanani ne a Jihar Zamfara, Zurmi kuwa tana cikin wuraren da aka fara ganin ta. A faɗin ƙasa an ƙirga mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Wani kashi na yaran da suka tsira daga irin wannan cuta yakan fita da tabo a ƙwaƙwalwa, wanda kan bayyana daga baya a matsayin kurumta ko farfaɗiya. Jariran wancan lokaci su ne 'yan makaranta a yau. Haka kuma dafin darma da aka gano a 2010 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum, wanda ya kashe yara kimanin 400, jijjiga tana cikin manyan alamunsa.

Akwai abubuwa biyu da malami ya kamata ya rarrabe. Na farko, jijjigar da ƙaramin yaro ke yi saboda zafin zazzaɓi, wadda wasu ke kira taune-taune, ba lalle ba ne ta zama farfaɗiya. Yawancin yara sukan bar ta kafin su kai shekara shida. Na biyu, ba kowace farfaɗiya ce ke kayar da mutum ba. Akwai wadda yaro zai ƙura ido kawai na 'yan daƙiƙoƙi, bai ji bai gani, sa'an nan ya dawo kamar ba a yi ba, kuma tana iya faruwa sau da yawa a yini. Irin wannan yaro shi ne ke shan bulala da sunan daƙiƙi ko mai taurin kai, alhali kuwa rabin darasin bai shiga kunnensa ba.

4.0 Abin da Doka Ta Tanada

Kafin a duba kariyar da doka ta bayar, yana da kyau a san cewa ita kanta doka ta daɗe tana ɗauke da irin camfin da muke zargin mutanen ƙauye da shi. A Ingila sai a 1971 aka soke dokar da ta ba da damar rushe aure saboda farfaɗiya. A Nijeriya, sashe na 5 na Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, ya jera yawan faɗuwar farfaɗiya tare da taɓin hankali a cikin dalilan da za a iya neman rushe aure. Ashe ƙyamar ba ta Bahaushe kaɗai ba ce.

4.1 Kundin Tsarin Mulki na 1999

Sashe na 34 ya tabbatar wa kowa mutuncinsa, ya hana a wulaƙanta shi. Sashe na 18 ya umurci gwamnati ta samar da ilmi daidai wa daida ga kowa, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiki da shi kai tsaye. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko mahaifa ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci rashin lafiya ko naƙasa da suna ba.

4.2 Dokar Ilmi Bai-ɗaya ta 2004

Wannan doka ta wajabta karatun shekara tara kyauta, wato firamare da ƙaramar sakandare, ga kowane yaro. Ba ta cire mara lafiya ba. Ta ma tanadi horo ga uban da ya ƙi kai ɗansa: gargaɗi a karo na farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Bisa ga wannan, hedimastan da ya ce wa uba ya ajiye ɗansa a gida saboda farfaɗiya yana umurtar sa ne ya karya doka.

4.3 Dokar Haƙƙin Yara

Dokar tarayya ta 2003 ta tabbatar wa yaro haƙƙin ilmi da na lafiya da na mutunci. Da yake al'amarin yara na jihohi ne, sai kowace jiha ta yi tata. Jihar Zamfara ta sa hannu a kan dokarta ta kare yara a 2022.

4.4 Dokar Hana Nuna wa Naƙasassu Bambanci ta 2018

Wannan ita ce mafi ƙarfi. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Janairu na 2019, bayan Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. Ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu, a kan mutumin da ya nuna wa naƙasasshe bambanci, da tarar naira miliyan ɗaya a kan ma'aikata ko kamfani. Sashe na 17 ya ba shi haƙƙin ilmi ba tare da wariya ba, kyauta har ƙarshen sakandare. Sashe na 18 ya ce kowace makarantar gwamnati ta kasance mai karɓar kowa, kuma ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin kula da su. Dokar ta fassara naƙasa da lalura mai daɗewa ta jiki ko hankali ko gaɓoɓin ji da gani wadda ke hana mutum shiga harkokin jama'a daidai da kowa. Farfaɗiya mai yawan tashi tana shiga cikin wannan fassara cikin sauƙi.

4.5 Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014

Sashe na 20 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. Malamin da ya ɗauko ɗalibi yana jijjiga zuwa asibiti yana da wannan hujja a hannunsa.

5.0 Inda Doka Ta Gaza

Mai karatu zai ga cewa takarda ba ta yi rowa ba. Amma akwai giɓi uku.

Na farko, kalmar da ake fassara dokar 2018 da ita, wato "naƙasassu", a kunnen Bahaushe tana nufin makaho da gurgu da kurma da kuturu. Uban yaro mai farfaɗiya ba zai taɓa zaton tana magana a kan ɗansa ba, ba zai ma so a kira ɗan da wannan suna ba. Hedimasta ma haka zai fahimta. Doka da ba a gane wanda take nufi ba, kamar rijiya ce ba guga.

Na biyu, babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ta faɗi matakan da makaranta za ta bi. A Ingila, dokar yara da iyali ta 2014 ta ɗora wa hukumomin makarantu nauyin tallafa wa ɗalibi mai lalurar rashin lafiya, kuma a ƙarƙashinta ake rubuta wa irin wannan ɗalibi takardar kulawa ta kansa. A Amurka, jihar Kentaki ta yi doka a 2018 wadda ta wajabta horar da ma'aikatan makaranta kan taimakon mai farfaɗiya, jihohi da dama suka bi sahunta. A 2022 kuma ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da wani shiri na 2022 zuwa 2031, wanda ya nemi kashi 80 cikin 100 na ƙasashe su gyara dokokinsu domin kare masu farfaɗiya.

Na uku shi ne halin da ƙasarmu ta shiga. Babban abin da ke tayar da farfaɗiya ga mai shan magani shi ne yankewar maganin. Daga Shinkafi zuwa Gusau, inda manyan asibitocin jiha suke, tafiya ce ta fiye da kilomita 100 ta Ƙauran Namoda, a kan hanyar da ta sha fama da 'yan bindiga. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya kuwa yana Kware, kusa da Sakkwato. A watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a Jangebe a watan Fabrairu da kuma a Kaya ta ƙasar Maradun, an rufe makarantu a jihar, aka tsayar da kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya. A irin wannan hali yaron ƙauye da maganinsa ya ƙare ba shi da mafita. Bugu da ƙari, kwana cikin firgita da rashin barci su ma suna tayar da cutar. Ke nan tsaron waje da na cikin aji a ɗaure suke da juna.

6.0 Abin da Makaranta Za Ta Iya Yi

Abin daɗi shi ne, mafi yawan abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi.

6.1 Lokacin da yaro ya faɗi

Malami ya natsu, ya duba agogo. A kawar da benci da duwatsu da duk abin da zai ji wa yaron ciwo. A sa riga ko ɗankwali a ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan rigarsa. A rufe masa jiki, balle idan 'ya mace ce, a kuma janye 'yan kallo. Da zarar jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a kan gefensa domin yawu ya zuba waje. A zauna tare da shi har ya dawo hayyacinsa sosai, a yi masa magana mai daɗi, domin zai farka cikin gajiya da ruɗewa da kunya.

Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko kara ko yatsa a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin kuwa yana karya haƙori. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko jiƙo kafin ya farka, domin zai shaƙe shi. Kada a yi masa hayaƙi, kada a matsa masa albasa a ido, kada a kai ƙafarsa wuta. Mai son yin addu'a ya yi, ba ta hana ko ɗaya daga cikin matakan nan.

Yawancin faɗuwa takan wuce cikin minti biyu ko uku. A garzaya asibiti idan ta wuce minti biyar, ko ta sake tashi kafin yaron ya farfaɗo, ko ya ji rauni, ko a cikin ruwa ya faɗi, ko da zazzaɓi mai zafi, ko kuwa wannan ne karo na farko.

6.2 Wuta da ruwa da bisa

Sau da yawa wurin da aka faɗi ya fi faɗuwar kanta haɗari. Ƙasar Shinkafi ƙasar fadama ce da gulabe, Gagare da Bunsuru suna ratsa yankin, kuma yara sukan bi ta bakin ruwa da damina. Kada a aiki ɗalibi mai farfaɗiya jan ruwa a rijiya, ko wanki a gulbi shi kaɗai, ko aikin murhu, ko hawan itace. A makarantar kwana a ba shi gadon ƙasa, kada ya kulle kansa a makewayi. Wannan ya shafi tsangaya ma: almajiri mai farfaɗiya kada ya zauna a sahun farko na masu kewaye wutar karatu da dare. Ban da waɗannan, a bar shi ya yi wasa da ƙwallo da sharar aji kamar kowa, domin tsananin kaffa-kaffa shi ma wariya ce.

6.3 Takardar kulawa

Hedimasta da uban yaro da ma'aikacin asibiti su zauna su cika takarda guda: yadda faɗuwarsa take, da sunan maganinsa da lokacin sha, da wanda za a nema. Ta zama sirri tsakanin waɗanda abin ya shafa. A naɗa malami ɗaya, ko uwar ɗakin kwana, mai tabbatar da an sha magani, mai kuma tunatar da iyaye tun saura na mako biyu. Malami ya sani cewa wasu magungunan suna sa gyangyaɗi, kada ya ɗauke shi lalaci. Game da azumi kuma a nemi shawarar likita, tun da shari'a ta yi wa mara lafiya sauƙi. Idan yaro ya faɗi ranar jarrabawa a sake ba shi wata rana.

6.4 'Yan aji da iyaye

Darasi ɗaya na rabin awa ya isa ya nuna wa 'yan aji cewa ba a ɗaukar cutar. Abin da ya fi darasin tasiri shi ne su ga malaminsu ya durƙusa ya share wa yaron baki da hannunsa, kuma gobe ya zo lafiya lau. Kwamitin makaranta na al'umma, wanda ya ƙunshi mai unguwa da liman da wakilan iyaye, shi ne wurin da ya dace a kashe maganar korar yaro tun ba ta girma ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa dokokin ƙasa, tun daga na 2003 da 2004 har zuwa na 2018, sun hana a raba ɗalibi mai farfaɗiya da karatunsa. An kuma ga cewa ba su ambace shi da suna ba, ba su tsara wa malami matakai ba, kuma da Ingilishi aka rubuta su, alhali camfin da ke korar yaron da Hausa yake yawo.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Ma'aikatar ilmi ta jiha ta fitar da umurni a rubuce wanda ya ambaci farfaɗiya da sunanta, ya hana sallamar ɗalibi saboda ita. Kwalejojin horon malamai su sa taimakon gaggawa na mai farfaɗiya cikin darussansu. Na uku kuwa namu ne, mu ɗaliban wannan sashe da malamanmu. Mu ne ya kamata mu samo kalmar da za ta maye gurbin "naƙasasshe" a fassarar doka ta yadda uban yaron zai gane da ɗansa ake, ba tare da ya ji an muzanta shi ba. Mu ne kuma ya kamata mu tsara matakan da ke sashe na 6.1 a shafi ɗaya, da boko da ajami, cikin Hausar da mutumin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura yake ji, a kai wa sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomin nan uku su liƙa a bangon kowane aji da zauren kowace tsangaya.